«A ce» ne, ba «an ce» ba

Ban manta da safiyar ba, kuma ba na jin zan manta. Na tsaya wurin mai ƙosan da ke bakin hanyar biro, wato ofishinmu, na gaishe ta kamar kullum, ba ta amsa ba. Ta dube ni tun daga kallabi har takalmi, ta ce, «Ashe ke ce mai injin.» Ta ci gaba da juya ƙosanta. Na wuce biro, ban san dalili ba.

Ku da za ku zauna kan kujerar da nake zama, bari in hwaɗa muku yadda aikin yake. Wani ƙaramin furoje ne, wato shiri, na gyaran ƙasa a Buza, daga cikin waɗanda anka buɗe bayan farin tamanin da huɗu. Matan ƙauyuka ke ɗauko duwatsu suna jerawa a gangaren tudu don ruwa shi daina kwashe gonaki, ana biyansu da abinci. Ni da takardar shaidar birebe na hito daga kolej, anka ɗauke ni buga takardu. Da anka kawo ordinatar, injin nan da ake kira kwamfuta, darekta ya sa anka koya mini tablo. Tablo gidaje ne jere a fuskar injin: nan yawan ma'aikatan kowane shantiye, wato wurin aikin dutse, nan abincin da ke sito, nan watannin da sunka rage kafin girbi. In ka canza gida guda, sauran duk su canza da kansu. Amfaninsa ke nan ga shugabanni: su gwada abu kafin su yanke.

Kwanaki kaɗan kafin wannan safiya, darekta ya tahi Tawa. Mataimakinsa, Mushe Isufu mai farin takalmi, ya tsaya a kaina ya ce, «Madmazel Hadiza, kamyo, babbar motar abinci, ya yi latti. A ce an tsayar da shantiye guda, abin da ke sito zai kai girbi?» Munka gwada kowane shantiye bi da bi, na buga kowane a takarda. Gwaji ne tsantsa. Shi kuwa ya bar takardun a buɗe kan teburinsa, ta ƙauyen da ke yankin Deule a sama, shef, wato shugaban wannan shantiyen, ya shigo ya gani. Kafin magana ta hau tudu, «a ce an tsayar» ta koma «an ce a tsayar».

Ban jima da zama ba na ji hayaniya. Na leƙa ta taga: mata ne cike da filin biro, da ƙafa sunka zo, wasu da goyo, gammon ɗaukar dutse na hannunsu. Mushe Isufu ya hita bakin ƙofa. Da kunnena na ji shi, ba wani ya ba ni labari ba:

«Ni ban yanke komi ba. Inji ne ya hitar. Ku tambayi mai buga shi.»

Sannan ya bi ta ƙofar baya ya hau babur ɗinsa. Namiji, babba, mai sa hannu a takarda, ya nuna yarinya ya gudu!

Ɗakin injin ƙofa guda gare shi, tagar kuma da sandunan ƙarfe. Na sa sakata, na shige ƙarƙashin tebur. Dutse na farko ya sami ƙyauren taga. Ina jin ana cewa, «Hito da ita! Ta hwaɗa muna mi munka yi mata!» Wata ta ce ai ɗiyar wane ce, ta san gidanmu. Wannan ta fi dutsen tsorata ni, don uwata ita kaɗai ce a gida. Baba Alhu, tsohon gadinmu, shi kaɗai ya tsaya a ƙofar yana ba su haƙuri, muryarsa har ta dushe.

Can ya ƙwanƙwasa. «Hadiza, buɗe. Mutum guda za ta shigo, Inna Zali, shugabarsu. Ina nan.»

Na buɗe. Tsohuwa ce doguwa, tafin hannunta duk kanta. Ba ta dube ni ba, injin ta nufa, ta tsaya gabansa riƙe da ƙugu.

«Wanga ne? To tambaye shi. Mi munka yi mishi? Dutsenmu bai kai na wasu nauyi ba?»

Na ce, «Inna, wallahi bai san ku ba. Bai san kowa ba.» Na jawo sauran takardun daga aljihun tebur, na kowane shantiye, na ce duka an yi musu haka. Ta ce ita ba ta karatu, kada in raina mata hankali da takarda. Sai na zauna, na share ma'aikatan wani shantiye tana kallo, lambobin sunka motsa, na mayar da su, sunka koma yadda suke.

Ta juyo ta dube ni. «Ke nan wasan yara ne? A ce ni ce uwa, ke ce ɗiya?»

«Shi ne, Inna.»

«To a ce an tsayar da wancan mai farin takalmi, abinci na kai girbi?»

Dariya ta so ƙwace mini, kuka ya riga ta. Inna Zali ta hita, na ji ta ɗaga murya: «A ce ne! Ba an ce ba! Ku aje duwatsun ga.» Amma ba su watse ba. Sunka ce sai sun ji daga bakin mai biro, sunka zauna gindin katanga cikin rana. Ni ma ban iya hita ba, don ba duka sunka yarda ba; ina jin wata tana cewa tsohuwa ce anka ruɗa.

Bayan la'asar motar darekta ta shigo. Ya tsaya a fili ya ce ba a tsayar da kowane shantiye ba, kamyo na hanya. Sai ga Mushe Isufu a bayansa, kamar yanzu ya ji labari. Ya shigo ɗakin, ina zaune a ƙasa, ya tsallake ƙafata ya shafa injin.

«Bai samu komi ba dai?»

Injin yake nufi. Darekta ya ce rashin fahimta ne, a bar maganar. Ba wanda ya tambayi Mushe Isufu me ya sa ya nuna ni, har yau.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe: injin nan ba ya cewa komi. Mutum ke tambaya, mutum ke yankewa, kuma ranar da abu ya ɓaci, mai yankewa zai laɓe bayan injin, ya bar mai buga shi a fili. Yanzu duk takardar gwaji da na buga, sai na rubuta A CE da manyan baƙaƙe a samanta.

Ana kiran magariba Inna Zali ta dawo bakin ƙofa. Ta miƙo mini hannun nan mai kanta ta ce, «Tashi, ɗiyata, in raka ki gida. Ba mai taɓa ki. Wanga ba a ce ba ne, ni na ce.»