Ƙasusuwan Uwaisu Mai Wanki

Uwaisu mutumin Kekun Waje ne, amma a Gusau aka san shi, da wanki da guga. Shekara ashirin yana bugun tufafin ma'aikata a bakin wani kududdufi da ke bayan gari. Kifin da ke cikin ruwan kuwa na taubashinsa ne Manu, shi ya zuba 'ya'yan, shi ke tsaronsu. Gaisuwar mutanen nan biyu zagi ce. Da zagi suke kwana da zagi suke tashi, haka furfura ta same su.

A 1975 garin sabulu na kwali ya cika kasuwa, Uwaisu ya rungume shi, don wallahi yana fitar da datti. Kafin rani ya raba, ruwan wankinsa ya mai da kududdufi kore kamar miyar kuka, kifi ya yi ta tasowa matacce, ciki a sama. Manu bai yi faɗa ba. Sai dai ya koma cewa, "Ina kwana, Malam Uwaisu." Malam! Daga bakin taubashi! Ai gara mari. Abin ya ci Uwaisu har ya rame. Komawa sabulun salo kuma ba hali, masu kaya sun ɗanɗana fari.

Wata rana ya lura cewa ruwan da ke ratsa jujin mahauta, inda ake ƙona ƙashi, ba ya tara gansakuka sosai. Ya haƙa rami, ya cika shi da ƙonannen ƙashi da toka, ya bi da ruwan wankinsa ta ciki. Sannu a hankali koren ya fara ja baya, wani farin ɓawo mai kama da gishiri ya kama jikin ƙasusuwan. To, mai wanki da tsabta! Ya kwashe su kaf ya zubar, ya zuba sababbi. Ruwa ya sake ɓaci.

Matarsa Wasila ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai da tsabtar nan taka, Malam! Ina ka taɓa ganin an kafa nono ba a ɗiga na jiya a ciki ba?"

Ya koma juji ya tsince tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ya gauraya da sababbi. Ɓawon ya kama da sauri. Damina ta zo ta wuce, ruwa bai sake yin kore ba.

Ran nan yana cikin ramin, laka har gwiwa, sai inuwa ta rufe shi. Manu ne, riƙe da tarwaɗa mai rai tana fizga. Ya dubi Uwaisu, sannan ya ce, "Kai wanga tsoho, ko kare bai kai ka son ƙashi ba."

Uwaisu ya buɗe baki zai rama. Shekara guda yana tanadin zagi, amma ko ɗaya bai fito ba, sai hawaye.