Sunan Giwa a Kan Ɗana

Shekara bakwai ke nan. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Tishigu, a Tamale, a safiyar: ni, da matar ɗana Fuseina tana dama koko, da Ticha Alhassan da ke haya a ɗakin ƙofa, sai shi ɗana, Abdul-Mumin, zaune a kan turmi ya dafe ƙirji. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, ƙanwarsa ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Ya ce, "Mma, yau jikin nan ba daɗi." Na ce, "Jiki kamar naka? Tashi, lorin masara ba ya jiran mutum." Ya tashi, don bai taɓa musa mini ba. Kafin azahar ya faɗi a kasuwa da buhu a kafaɗa. A asibiti suka ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba shi labari.

Da ladan ya yi sanarwa a lasifika cewa Abdul-Mumin Yakubu ya rasu, unguwa shiru. Sai da ya koma ya ce Jambo, sannan aka fara rufe shaguna. Makarar masallaci ta yi masa kaɗan, ƙafafunsa suka fito. Ina daga ciki ina jin masu gaisuwa suna lissafin mutum nawa suka ɗaga shi. Ban ji wanda ya ce yaron nan bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Sunan daga makaranta ya kwaso shi, tun yana ɗan shekara goma ya fi malaminsu tsawo. Ban taɓa tambayar ma'anarsa ba sai bayan sadakar arba'in. Na tsare Ticha Alhassan a bakin famfo, ya yi ta sosa ƙeya kafin ya faɗa. Ya ce kalmar Turanci ce ta duk abin da ya wuce girman 'yan'uwansa. Asalinta kuwa sunan wani toron giwa ne da aka kama yana ƙarami a wajen Sudan, bayan an harbe uwarsa. Aka kai shi Ingila yara suna hawa bayansa, aka sayar da shi Amurka ana kallo, a ƙarshe jirgin ƙasa ya buge shi. Na ce, "An taɓa tambayarsa ko ya gaji?" Ticha ya ce wannan ba ya cikin littafin.

Yanzu sunan ya cika Tamale. Babbar leda jambo ce, babban burodi jambo, katifa ma haka. Ticha ya ce har jirgin sama akwai. Ina zuwa kasuwa na ji yarinya na cewa a ba ta jambo biyu, sai ƙafata ta tsaya. Da Abdul-Mumin yana nan dariya zai yi. Shi bai ƙi sunan ba. Yakan ce, "Mma, shi ke kawo mini aiki. Direba daga Kasalgu zai zo yana neman Jambo, wa zai nemi Abdul-Mumin?" Gaskiya ne. Kuma shi ya sa buhun da mutum biyu ke ɗauka ake bar masa shi kaɗai. An san ni a gidan nan da sa ido, tsinke ba ya ɓata ban sani ba. Amma ni ma da sunan na dube shi a waccan safiyar.

Ya bar ɗa guda, Sadiƙ. Shekararsa goma sha uku, ya fara sunkuyawa a ƙofar da ubansa ke sunkuyawa. Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi wa mamacin addu'a. Abokan aikinsa suka zo, wani ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ga ƙaramin Jambo, kwana kaɗan ya zo mu ba shi lodin lori." Aka yi dariya. Na ce sunansa Sadiƙ. Suka ce, "To, Mma," suka ci gaba da cin shinkafa. Yaron kuwa murmushi yake, yana ƙara buɗe kafaɗa.

Abin da ya rage na ɗana a bakin mutane ke nan: girman jiki da sunan dabba. Haƙurinsa, da yadda yake rage mini naman miyarsa, ni kaɗai ke riƙe da su, kuma na tsufa.

Washegarin addu'ar na karɓi ludayi daga hannun Fuseina, na zuba wa Sadiƙ rabin kokon da ya saba sha, ƙosai biyu maimakon biyar, wai kada ya kai girman ubansa. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya jawo shi zai sha bai musa ba, kamar ubansa. Na cika masa kwanon. Na ce, "Sadiƙ, akwai inda ke maka ciwo?" Ya ce babu. Na sake tambaya.