Ranar da Baffa Ya Tsallaka Titi

Rumfar abincin yayata tana bakin tashar Ajingi, inda motocin Kano suke lodi. Tun rasuwar mijinta da ita take ciyar da marayunta. Nawa taimakon miya ce, in kaɗa kuka da ta gyaɗa a gida in aika. Ranar kasuwa kuma maigidana yakan bar ni in je in zauna bayan labule ina kwashe tuwo.

Shekarar da wani matashi ya buɗe shagon abinci a tsallaken titi, da firji da talabijin, ciniki ya fara janyewa. Direbobin da suka saba ƙwala mata kira tun daga nesa suka koma ɗaga hannu kawai. Mai rumfar da take haya ma ya aiko cewa in ba za ta iya ba, akwai mai so.

Muka zauna a tsakar gidana neman mafita. Maigidana ya ce a rage girman malmala. Yaya ta ce ba za ta ha'inci cikin mutane ba. Na ce to a ƙara dafa-duka da taliya, a riƙa zubawa a roba kamar yadda ake yi a can. Ta ce da wane jarin? Ƙarin farashi kuwa, ko zancen ba mu ƙarasa ba.

Can ta ce, "Ku ma ai kun san inda yoyon yake."

Mun sani. Mu 'yan ƙauyen Gafasa ne, kuma duk ranar kasuwa dangi a rumfar suke sauka. Su jibge buhuna, su ci, su miƙe ƙafa a kan bencinan nan biyu har la'asar. Wa zai karɓi kuɗi a hannun ƙanin ubansa? Direba mai sauri ya leƙo ya ga ba wurin zama, sai ya tsallaka.

Muka tsayar da shawara a dafa wa dangi tukunyarsu daban a gidana, a shimfiɗa musu tabarma a zaure, rumfa ta zama ta masu saye. Ba wanda za a hana abinci.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga Baffa, ƙanin mahaifinmu, da mutanensa. Ya zauna yana dariya.

"Uwar marayu, a zubo da man shanu, yau gyaɗa ta yi daraja!"

Yaya ta durƙusa ta gaishe shi. "Baffa, an shirya muku a gidan ƙanwata. Ga inuwa, har da fura."

"A'a, nan ma ya wadatar."

"Benci ne, Baffa. Direbobi ba sa samun wurin zama."

Ta bayan labule na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"Au, korata ake yi?"

"Wallahi ba kora ba ce."

"Ni da na yanka ragon sunanki?"

Daidai nan wani direba ya leƙo. "Hajiya, motata ta kusa cika fa! Malmala biyu da kuka, ko in tsallaka?"

Na riƙe marar kwasar tuwo a hannu ina ambaton Allah. Yaya ta miƙe a hankali, ta ɗauki kwano.

"Zauna," ta ce wa direban.

Babu wurin zaman sai inda Baffa yake. Baffa ya tashi, ya saɓa buhunsa, ya tsallaka titi. Ya zaɓi kujerar da ke fuskantar mu, ya sayi shinkafa, ya ci a tsanake duk tasha tana kallo. Mutanensa suka yi cirko-cirko, daga baya suka nufi gidana.

Kafin la'asar tuwo ya ƙare, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Muna wanke tukwane Yaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kina ganin Allah zai kama ni da yanke zumunci?"

Na ce mata Allah ya san niyyarta.

Mai rumfa bai sake aikowa ba, har yau tana hannunta. Da Sallah muka je Gafasa gaida Baffa. Ya amsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu albarka. Kasuwa ce kawai bai tambaya ba.