Muryar Mma Hadijatu a Cikin Empitiri

Duk unguwar Asawase babu wanda ya kai Sulemana Latif son gyara abin da bai lalace ba. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutum mai kunya, in ka kawo masa agogo yana tafiya daidai sai ya mayar maka da abinka. Ɗan dai bai gado shi ba. Ya yi kwandastan motar haya ta trotro shekara uku, aka sallame shi ranar da ya kwance rediyon motar tana tsaka da labarai. Daga nan ya kafa tebur a bakin titi, ya naɗa kansa injiniya ba tare da ya wahalar da kowace makaranta ba.

Sana'arsa tsofaffin empitiri ce, 'yan na'urorin sauraron waƙa na aljihu da duniya ta watsar tun zuwan manyan wayoyi. Yana tsinto su a kayan gwanjo, ya goge manhajar kamfani, ya zuba wata da masu sa kai suka rubuta kyauta, wadda kowa ke da ikon buɗe cikinta ya canza. Kuskure ne ka tsaya tambayar farashi da koko a hannu, don kafin ya gama wa'azi ya huce.

"Wannan firi ne, maigida! Ba kamfanin da zai mallake ka. Amma kullum ka ajiye kofi biyu na kayanka, ka ji ko?"

Abin haushin shi ne, sau ɗaya wa'azin nan ya yi amfani. Baba Gariba, tsohon mai fataucin goro a cikin Zango, idanunsa sun rufe, ga shi da son tafsiri, sai ya sayi empitiri ɗaya. Manhajar Sulemana kuwa tana iya faɗin duk abin da ka latsa, sai dai da Turanci. Sulemana ya ɗauki kwamfutarsa har gida, ya zaunar da matar tsohon, Mma Hadijatu, ya naɗi muryarta kalma bayan kalma. Ita kuma ba ta iya magana ba ƙari. Inda aka ce ta ce batir ya yi ƙasa, cewa ta yi, "Malam, ka sa caji mana, kullum sai an gaya maka?"

Bayan shekara biyu Mma Hadijatu ta rasu. Masu zuwa gaisuwa sukan tarar da tsohon a zaure da abin ji a kunne, yana latsa sama, yana latsa ƙasa, ba ya kunna komai. Muryarta yake bi. Ba hoto zai gani ba, kuma ba a taɓa naɗar ta a wani wuri ba.

Kwana kaɗan bayan addu'ar arba'in ramin abin jin ya saki, sauti na ɗaukewa. Baba Gariba ya sa aka kira Sulemana, ya damƙa masa na'urar da hannu biyu.

"Ramin kawai, ɗana."

"Yoo, Baba. Minti biyar ne."

Minti biyar ɗin ne kuwa. Sai dai a ranar sabon zubin manhajar ya fito, kuma a ganin Sulemana rashin imani ne a bar dattijo da tsohon zubi. Ya wanke katin ajiyar na'urar tas, ya zuba sabo, ya mayar da tafsirin daga kwamfutarsa, ya kunna yana murmushi. Wani Bature ya yi masa magana ta hanci.

Ya zazzage gwangwanin katunansa a kan tebur yana neman kofin muryar. Ya sami katin da ya rubuta wa suna Mma, ya sa a kwamfuta. Waƙoƙin bikin ƙanwarsa Basma ne cike a ciki, shi da kansa ya goge ya zuba su watan jiya. Mai wa'azin kofi biyu ko ɗaya bai bari ba.

Ya rufe tebur, ya shiga ɗaki ya naɗi duk kalmomin da tasa muryar. Har ya gwada siranta ta, ya ji kansa, kunya ta kama shi ya goge wannan, ya zuba ta farkon a na'urar. Bayan la'asar ya ja ƙafa zuwa Zango.

Baba Gariba ya sa abin ji, ya latsa. "Tafsiri," in ji muryar Sulemana a kunnensa. Ya sake latsawa. Ya bi jerin har ƙasa, ya dawo sama.

"Sule, ina Hadijatu?"

"Baba, sabon zubi ne na sa," ya ce. "Yanzu batir yana kai kwana biyu."

"Kwana biyu. Ya yi kyau."

Tsohon ya cire abin jin, ya naɗe wayar a jikin na'urar a hankali, ya laluba har ya sami hannun Sulemana, ya saka masa.

"Riƙe, ɗana, ka sayar wa wani. Tafsirin nan na daɗe da haddace shi."