Saura kwana huɗu motar Baba Sumaila ta gama rodaj

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Sumaila makanike ya rasu. Ina goge gilashin bas da safen nan, kafin in kwashi ma'aikata zuwa wurin haƙar ma'adini, wayata ta yi ƙara. Inna Rabi ce, matarsa. Ba ta ja zance ba, ta ce mai gidan ya cika bayan sallar asuba. Na tsaya da tsumma a hannu har sai da abokin aikina ya karɓi bas ɗin ya ce in tafi.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Yanzu la'asar ta yi, lokacin da na saba zuwa ɗaukarsa, ga makullin motarsa a aljihuna. Na rasa inda zan sa kaina, shi ya sa nake wannan rubutu.

Duk wanda ya zauna Arlit ya san shi. Dattijon nan mutumin Tawa, mai yawan tari, wanda ya ƙare ƙarfinsa a gyaran manyan motocin ma'adini har ya yi ritaya. In ma ba ka san shi ba, ka san motarsa, baƙar motar Jamus ɗin nan mai ƙofa huɗu da ta shekara goma sha ɗaya a kan bulo a ƙofar gidansa.

Wani injiniya Bature ne ya sayar masa da ita da zai koma ƙasarsu, injinta a ƙone. In ka gan ta sai ka ce motar kai yara makaranta ce, amma Baba ya ce a zamaninta babu abin da ke shan gabanta a hanyar Agadas. Shi kansa bai taɓa jin gudunta yana ciki ba. Sau ɗaya, tun tana hannun Baturen, ta wuce shi yana tsaye a bakin hanya, tun daga ranar ƙarar injin ta zauna masa a kunne.

Mu direbobin bas ne muka sa mata suna 'Yar Hutu, kuma ni ne shugaban masu tsokana. Kullum na biyo sai na tambaye shi ko kajin Inna Rabi sun biya kuɗin haya, tunda a ƙarƙashinta suke ƙwai. Ba ya fushi. Sai dai ya miƙo mini shayi ya ce in zauna in ga yadda ake aiki.

Wannan mutumin ne ya tsaya mini lokacin da aka kusa kora ta saboda gudu da bas. Ya je ya ce wa shugabanmu yaron yana da kunne, ƙafarsa ce kawai ba ta da hankali, a bar masa shi. Ban roƙe shi ba, sai daga baya ma na ji.

Shi ya koya mini ɗora doguwar sukudireba a jikin inji in kara kunne in ji inda ciwo yake. 'Yan kabu-kabun unguwarsu kuwa sun mai da ƙofar gidansa asibitin babur, ban taɓa ganin ya karɓi ko dala a hannunsu ba.

Motar nan guntu-guntu ya tashe ta. Wani ƙarfen daga Kwatano, wani daga Yamai, wani direbobin manyan motoci su zo masa da shi bayan wata uku, a buɗe a ga ba shi ba ne. Da aka rufe iyaka ya shekara guda yana jiran kayan cikin inji. Duk abin da ya kwance sai ya wanke shi da esansi, wato fetur, ya naɗe a tsohon zanen Inna Rabi, saboda yashin garin nan ba ya barin komai.

Ranar da ta tashi ina wurin. Ya murɗa makulli, ta yi tari sau biyu irin nasa, sannan ta kama. Wallahi na ga hawaye a idon dattijon nan, ya ce hayaƙi ne.

To a nan damuwata ta soma.

Injin da aka sake haɗawa ba a sakar masa gudu nan take. Sai an yi masa abin da makanikai ke kira rodaj, a bi da shi a hankali har sababbin ƙarafan su saba da juna. Baba ya yanke doka: kilomita dubu da ɗari biyar, kada allura ta wuce sittin. Lokacin ƙirjinsa ya riga ya ci ƙarfinsa, ba ya iya riƙe sitiyari ya daɗe. Sai ya ba ni makulli, ni Lawali mai ƙafar da ba ta da hankali, ya ce kullum bayan la'asar in zo mu fita.

Ku duba wannan azaba. Mota tana roƙonka ka taka ta, kai kuma kana tafe masu babur suna wuce ka suna dariya.

A satin farko muna hanya ya ce in ɗan ƙara mata. Ban jira ya maimaita ba, allura ta haura tamanin. Ya sa na tsaya, ya zare makullinsa, kwana uku bai ba ni ba. Ya ce gwada ni ya yi, kuma na faɗi. Ya ce ko shi da kansa ya ce in taka kafin lokaci ya cika, kada in yarda, domin mai mota ma zuciya yake da ita.

Na riƙe wannan magana. Kusan wata biyu muna fita, mu bi hanyar Agadas har wani ɗan miƙaƙƙen wuri da kwaltarsa ba ta farfashe ba, mu juyo. A nan ya ce za mu buɗe ta ranar da ta cika. Kullum tarin na ƙaruwa, kullum yana leƙa agogon kilomita.

Shekaranjiya ce fitarmu ta ƙarshe, jiya jikin bai bar shi ya fito ba. Sai da na tallafe shi ya shiga mota. Bai yi surutu ba a hanya, bai ma yi mini faɗan canjin giya ba. Da muka iso miƙaƙƙen wurin nan, babu kowa gaba babu kowa baya, ya ɗora hannu a gwiwata.

"Lawali, taka ta. So nike in ji muryatta."

Na dubi agogo, saura kilomita ɗari da arba'in. Na yi dariya na ce, "Haba Baba, ba za ka kama ni sau biyu ba. Saura kwana huɗu kacal."

"Kwana huɗu," ya ce. Ya janye hannunsa.

Da sittin ɗinmu muka koma gida.

Tun safe nake gaya wa kaina dokarsa na bi. Amma gaskiya ita ce na ji muryarsa, kuma ba irin ta ranar gwaji ba ce. Mutumin da ya koya mini sauraren inji, na kasa saurarensa. Ina ganin tsoro ne ya hana ni, domin in na taka, na yarda ke nan cewa ba zai kai kwana huɗun ba.

Bayan jana'iza na tambayi Inna Rabi ko ya shiga gida da fushi a ranar. Ta ce da dariya ya shigo, yana cewa yaron ga ya hana shi da dokarsa, har tari ya sarƙe shi. Daga nan ya sa aka kai masa tabarma ƙofar gida, ya zauna yana kallon motar har aka kira magariba. Na miƙa mata makullin, ta mai do mini da hannuna ta ce in ƙarasa masa aikinsa.

Zan ƙarasa. Gobe bayan la'asar zan fito da ita, da sittin, kujerar gefe babu kowa. Abin da zan yi ranar da ta cika ne ban sani ba.

Allah Ya jiƙan Baba Sumaila, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa tarin da ya sha ya zama kaffara, Ya yalwata masa kabarinsa. Allah Ya ba Inna Rabi da 'ya'yansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko motar kawai ka sani, don Allah ka yi masa addu'a. Ku sa da ni a ciki, ni da na ce masa ya jira kwana huɗu.