Rakiyar Birmingham

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, ta rufe ɗakin da muke karatun mata a unguwar Levenshulme ta Manchester, nan Ingila, sai karatun ya dawo falona. Ni ce malamar, ba don yawan ilimi ba, sai don mahaifina ya zaunar da ni gaban allo tun ina ƙarama, na iya ajami kafin na san boko. Ni ce kuma mai wanke matanmu idan ajali ya riske su a nan. Aiki ne da ba mai neman sa. Da ganyen magaryar da nake roƙo a taho mini da shi daga Kano, da kafur, da gwiwoyin da suka fara gazawa, haka nake yin sa.

Wata Asabar bayan an watse, ɗaya daga cikin ɗalibaina ta tsaya tana gyara kujerun da an riga an gyara. Aikin akanta take yi, har Akanta ake ce mata, matar likita ce, ba ta daɗe da yaye na ukunta ba.

"Malama, rakiya nake so ki yi mini zuwa Birmingham."

"Biki ko rasuwa?"

"Tiyata."

Ta faɗa mini idonta a kan darduma. Shayarwa ta zubar mata da nono, ta ce har ba ta son tsayawa gaban madubi. Akwai asibitin kuɗi da ake tsaga ƙasan nonon a cusa wata roba mai laushi, ya ciko ya tsaya. Ta riga ta biya. Sai dai ba sa sallamar wanda aka yi wa allurar barci in ba da ɗan rakiya ba.

"Maigidan ya sani?"

"Ya sani. Bai ce in yi ba, bai hana ba. Amma in ya ɗauki hutu a wurin aiki, abokansa za su tambaya. Kin san Manchester, Malama, kowane asibiti da Bahaushe a ciki. Kafin in farfaɗo labarin ya isa Zariya."

Na ce mata ni dai ban ga halaccin taɓa halittar Allah ba in ba da lalura ba. Ta ce ta sani, ba fatawa ta zo nema ba. Na ce to me ya sa ni, duk ƙawayenta?

"Kin ga jikin matan garin nan da yawa. Ban taɓa jin ko tabo ɗaya ya fito daga bakinki ba."

Na kwana biyu ina jujjuya maganar. Abin da ya rinjaye ni shi ne, ko na je ko ban je ba, za a yi. In ban je ba, za ta farka a hannun baƙi, ba mai gyara mata mayafi.

Ɗakin jiran asibitin yana da kujerun da suka fi na gidana taushi. Na zauna da carbina ina neman abin da zan roƙa. Ba zan ce Allah ya sa albarka a aikin ba. Sai na yi ta cewa Allah ya tashe ta, ya rufa mata asiri. Da aka kira ni na same ta leɓe a bushe, ƙirji a ɗaure, tana kuka ba ƙara. Na ɗaura mata ɗankwali, na sa mata takalmi. A jirgin ƙasa muna dawowa, duk girgizar da aka yi sai ta matse yatsuna.

Ba ta gama warkewa ba aka yi suna a unguwar Old Trafford, gidan ƙawarta ta kusa. Rashin zuwa ya fi zuwan jawo magana, sai ta zo cikin babban hijabi. An hana ta ɗaukar nauyi, runguma kuwa azaba ce. Mata suka yi ca.

"Hajiya Akanta, yau kuma ustazanci? Ko na huɗu ne a hanya?"

"Ku miƙa mata jaririn ta ɗauka, tun da ta ƙi gaisawa!"

Aka nufo ta da yaron, ƙato, tubarkalla. Na ga fuskarta ta sauya. Ƙarya ba zan yi ba, ko don ita. Sai na miƙa hannu na ce, "Ku kawo shi nan, ba a yi masa addu'a ba kuna ta yawo da shi kamar kwanon goro. Ke kuma zauna kusa da ni ki riƙa cewa amin." Na ja addu'ar nan, na haɗa da ta iyaye da kakanni, har masu tsokanar suka gaji suka bi ƙanshin waina.

A mota ta ce, "Malama, saura abu ɗaya. Ranar da na mutu, ke nake so ki wanke ni. Ke kaɗai."

Dariya ta kama ni, irin ta gajiya. Na ce, "'Yar nan, dubi gwiwoyina. Ajali ba ya bin shekaru, amma kada ki jingina asirinki da tsohuwa. Kuma ba a wanka da mutum ɗaya, sai da mai zuba ruwa."

Da muka wuce unguwar Whalley Range na ƙara mata wata magana. Na ce mata abin da na sani ke nan: mai wanka ba a haifar ta da rufaffen baki, koya mata ake yi. In tana son hannun da zai rufa mata asiri, sai ta zo ta koya, ita ma ta koyar da wata.

Rasuwar da ta biyo baya ta wata dattijuwa ce. Akanta ta zo, ta riƙe mini buta. Da muka ɗaga zanen ta ga abin da ta gani a jikin baiwar Allah, ita ma da nata asirin, ta dube ni, na dube ta, muka ci gaba da zuba ruwa. Yanzu ita take durƙusawa, ni ina kan kujera ina faɗa mata inda ta tsallake. Har yau ban canza ra'ayina kan tiyatar ba, ita ma ba ta sake tambaya ta ba.