Ranar da Baba Ya Danna Tsohuwar Oda

Akwai ranar da ba za ni manta da ita ba har ƙasa ta rufe idona. Shekaru sun wuce, amma har yau in mota ta danna oda a bayana sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Babana bakanike ne a wani ƙauye kusa da Turba. Tun ina firamare akwai tsohuwar Fijo a-kori-kura ta kakanmu da ke kwance bisa duwatsu a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinta. A hankali Baba ya tada ta: yau ya samo fitila a Isa, gobe wani ɗan kasuwa ya kawo masa ƙarfe daga Maraɗi. Abin da ya fi ji da shi odarta ce, wasu ƙahoni uku na tagulla masu rera 'yar waƙa in an danna. Da toka da lemun tsami ya goge su har suna ɗaukar ido. Duk ranar kasuwar Bafarawa, tun daga bakin fadama yake danna ta, yaran gari su kwasa a guje su tare shi, ya raba musu rake.

Da 'yan bindiga suka addabi hanya, direbobi suka bar danna oda a daji. Baba ya tara magidanta a ƙofar masallaci ya ce, "Daga yau na bar busa ta. Ran da kunka ji ta, ba lahiya ba. Kowa shi yi ta kai nai." Manya duk sun ji. Yara kuwa aka ce a ƙyale su, kada a tsorata su.

Wata ranar kasuwa da damina, bayan la'asar, ina wanke-wanke sai na ji waƙar nan, ana ta maimaita ta ba tsayawa. Inna ta saki taɓarya.

"Innalillahi! Ɗauko ƙanwarki mu tahi!"

Na duba ɗaki, babu ita. Can waje na jiyo muryarta cikin ta yara: "Ga Baba! Ga rake!"

Jama'a na gudu zuwa gonakin gero, ni ina kutsa su ina nufar hanya. Wata tsohuwa ta riƙe mini zane tana cewa, "Ke ɗiyag ga, ina za ki? Mutuwa ta can!" Na fizge.

Na hango motar tana tangaɗi cikin taɓo, baburan 'yan bindiga a bayanta, ga yara cike da hanya suna tsalle. Ban ga fuskar Baba ba, amma na san ya gan su, don maimakon ya shigo gari sai ya karya kan motar zuwa hanyar fadama, hannunsa bai bar odar ba. Baburan suka bi shi.

Na suri ƙanwata, na kora sauran cikin gero da ihu. Muka kwanta rub da ciki, hannuna a bakinta. Ta cire shi ta ce, "Yaya, don mi Baba bai tsaya ba?" Na sake rufe mata baki. Ina sauraren waƙar tana nisa, tana nisa, har ta yanke.

Da safe maza suka ɗauko gawarsa kusa da motar da aka ƙone. Wani ya kawo wa Inna ƙahonin sun yi baƙi ƙirin. Suna nan cikin akwatinta, ba wanda ya sake goge su. Ba yaro ko ɗaya da aka rasa.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na sani. Amma na sha raya cewa da an gaya wa yaran nan, da hanya ta buɗe masa ya shigo ya faɗa gero kamar kowa. Tun ranar na gane ɓoye wa yaro haɗari ba tausayi ba ne. Abin da za ya cece shi, a gaya masa, ko da za ya yi kuka. Allah Ya jiƙan Baba.